Akonit, fure mai dafi da Sinawa suka mai da magani

Yara, darasinmu na yau zai kai mu nesa, can gabashin duniya, a ƙasar Sin. Za mu yi nazarin wani tsiro mai suna akonit. Kyan ɗan maciji gare shi: ganinsa da daɗi, taɓinsa da hatsari. Mutanen Turai sun fi saninsa da dafi. Su kuwa Sinawa, sun fi shekara 2000 suna haƙa saiwarsa, suna gyara ta, suna ba marasa lafiya. Yaya abin da ke kisa zai zama magani? Wane aiki ake yi masa kafin ya shiga tukunyar mai magani? Me ke faruwa in an yi sakaci? Ku karanta a tsanake, za ku sami amsa.

1. Siffar tsiron

Akonit ba ya fitowa a ƙasarmu, don ba ya jure zafi da fari. Wurinsa shi ne duwatsu masu sanyi da laima na Asiya, da Turai, da Amurka ta Arewa. Irinsa ya fi 250. Wanda Sinawa suka fi nomawa, masana tsirrai na kiransa Aconitum carmichaelii da harshen Latin.

Tsayinsa yakan kai mita ɗaya, wani lokaci ya ɗara. Ganyensa a tsattsage yake kamar yatsun hannu. Furensa launin shuni gare shi, kamar rawanin da ya sha bugu. Saman furen a lanƙwashe yake tamkar kwalkwalin mayaƙi.

Amma ba furen ne mai magani ke nema ba, saiwar yake nema. Uwar saiwar baƙa-baƙa ce, mai kauri a sama, mai tsini a ƙasa. Sinawa suka ga ta yi kama da kan hankaka, sai suka sa mata suna wutou, wato "kan hankaka". A gefenta wasu ƙananan saiwoyi ke fitowa, suna manne da ita kamar goyo a jikin uwa. Su ake ce wa fuzi, wato "ɗan da ke manne". Fuzi ne aka fi amfani da shi wajen haɗa magani.

Ku lura: akwai dafi a ko'ina jikin tsiron, a ganye, a fure, a iri. Amma saiwa ta fi kowane sashe. Ko ta fata ma dafin na iya shiga jiki, musamman in akwai rauni a hannu.

2. Tarihinsa a ƙasar Sin

A shekara ta 1973, masu binciken kayan tarihi sun tona wani tsohon kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha. An rufe kabarin tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). A ciki suka sami rubuce-rubuce bisa ƙyallen alharini. Ɗaya daga cikinsu ya ƙunshi magungunan cututtuka 52, kuma sunan akonit ya fito sau da yawa a cikinsa. Wannan ya nuna mana cewa tun wancan zamani ana aiki da shi.

Sinawa na da almarar wani sarki na dauri mai suna Shennong, wato "manomi mai tsarki". Sun ce shi ya koya wa mutane noma, kuma yakan ɗanɗana tsirrai da bakinsa don ya rarrabe mai amfani da mai cutarwa. An sa sunansa bisa wani littafin magunguna da aka tattara wajen shekara 1900 da suka wuce. Littafin ya kawo magani 365, ya kasa su aji uku. Aji na sama, magani 120 ne marasa dafi, masu ƙara lafiya. Aji na tsakiya, 120 ne, wasu da dafi kaɗan. Aji na ƙasa, 125 ne, yawancinsu masu dafi, waɗanda ake yaƙar cuta mai tsanani da su, kuma ba a daɗewa ana shansu. Fuzi na cikin wannan aji na uku. Ke nan masu maganin ba su jahilci hatsarinsa ba. Sun sani sarai.

Miyagun mutane su ma sun sani. A shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), sarkin Sin na daular Han, mai suna Xuan, yana da mata da yake ƙauna, sunanta Xu Pingjun. Ya aure ta tun bai hau gadon sarauta ba. A fadar akwai wani babban jarumi mai iko ƙwarai, Huo Guang. Matar wannan jarumi ta so ƴarta ce ta zama uwargidan sarki. Sai ta haɗa baki da wata mai magani ta fada, Chunyu Yan. Da sarauniya ta haihu, mai maganin ta daka fuzi ta cuɗa cikin maganin da ake ba ta. Sarauniya ta sha, ta ce kanta ya yi nauyi, jim kaɗan ta rasu. Ƴar jarumin ta sami matsayin da uwarta ke so. Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Bayan mutuwar Huo Guang asiri ya tonu, kuma a shekara ta 66 sarki ya hallaka gidan nan.

Maharba ma sun yi aiki da akonit. Sukan matse ruwan ɗanyar saiwa, su bar shi ya yi kauri, su shafa wa kibiya don farautar namun daji.

Wanda ya fi kowa ɗaukaka fuzi a fannin magani shi ne Zhang Zhongjing, wani babban likita da ya rayu wajen shekara ta 150 zuwa ta 219. A zamaninsa an yi yaƙe-yaƙe da annoba, mutane da yawa na danginsa suka mutu. Ya rubuta littafi bisa cututtukan zazzaɓi da sanyi, wanda har yau ɗaliban maganin Sin ke karantawa. Cikin haɗe-haɗensa akwai wani sananne mai suna Sini tang. Abu uku ke cikinsa: fuzi, da busasshiyar citta, da wata saiwa mai zaƙi da ake ce wa gancao. Ana ba da shi ga mara lafiyar da ya galabaita, hannuwansa da ƙafafunsa suka yi sanyi ƙalau, bugun jininsa ya yi rauni.

Me ya sa fuzi? A ganin masu maganin Sin, lafiya ita ce daidaito tsakanin ƙarfi biyu: yin, mai sanyi, da yang, mai zafi. In zafin jiki ya kusa mutuwa kamar wutar murhu da ta koma toka, sai a nemi abin da zai hura ta. Sun ɗauki fuzi a matsayin magani mafi zafi. Suna kuma ba da shi don ciwon gaɓoɓi da ke tashi lokacin sanyi.

Bayan haka, wajen ƙarni na 5, wani masani mai suna Lei Xiao ya rubuta littafi na musamman bisa hanyoyin gyaran magunguna: jiƙawa, gasawa, turarawa, dafawa. Sinawa na kiran wannan sana'a paozhi. Daga baya kuma Li Shizhen ya gama babban littafinsa, Bencao Gangmu, a shekara ta 1578, aka buga shi a 1596. Ya bayyana magani 1892 a ciki, ya kuma yi dogon bayani bisa akonit.

3. Yadda ake noma shi

Garin da ya fi suna wajen noman fuzi shi ne Jiangyou, a lardin Sichuan, kudu maso yammacin ƙasar Sin. Tun wajen shekara ta 1100 wani ma'aikacin sarki mai suna Yang Tianhui ya rubuta yadda manoman yankin ke wahala da wannan shuka.

Ba ƙwayar iri suke shukawa ba. Ƙananan saiwoyi suke kawowa daga kan duwatsu, su dasa a fili mai ni'ima a ƙarshen watan Disamba, lokacin da sanyi ya tsananta. In shuka ta tashi, sai manomi ya tona gindinta a hankali, ya yanke ƙananan ƴaƴan saiwa, ya bar biyu ko uku don su yi ƙiba. Dabarar ɗaya ce da ta manomin hatsi mai rage shuka a rami. Yakan kuma tsinke kan tsiron don ƙarfinsa ya koma ƙasa. Daga ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Agusta ake haƙa. A lokacin nan shukar ba ta ma kai ga yin fure ba.

4. Yadda ake gyara saiwar

Nan ne zuciyar darasinmu. Ku bi aikin daki-daki.

Na farko, rabewa da wanki. Ana raba ƴaƴan saiwa da uwarsu, a cire ƙananan jijiyoyi, a wanke ƙasa, a ware manya dabam, ƙanana dabam.

Na biyu, jiƙawa. Lokacin haƙa, zafi da laima sun yi yawa a Sichuan, kuma ɗanyen fuzi na saurin ruɓewa. Saboda haka ake zuba shi cikin wani ruwa mai ɗaci da ake ce wa danba. Shi ne ruwan da ke saura bayan an dafa gishiri, ga shi kuwa lardin Sichuan na da rijiyoyin gishiri tun zamanin da. Saiwar takan yi kwanaki a ciki. Wannan ruwa na hana ta lalacewa.

Daga nan hanya ta rabu uku:

a) Fuzi mai gishiri. Ana zaɓen manyan saiwoyi, a ƙara gishiri cikin ruwan jiƙon. Kullum a tsame su a shanya, a sake mayarwa, har gishiri ya fito fari a jikinsu, su yi tauri. Wannan don ajiya ne. Dafinsa na nan da ƙarfi. Kafin a ba mara lafiya sai an jiƙa shi cikin ruwa mai kyau gishirin ya fita, a kuma dafa shi tare da gancao da baƙin wake.

b) Baƙin yanka. Ana dafa saiwar cikin ruwan jiƙonta har ta nuna ciki da waje. A wanke, a yayyanka ta a tsaye, kaurin kowane yanka rabin santimita, ba a feƙe bawon ba. A sake jiƙawa cikin ruwa mai kyau, ana canza ruwan. A rina ta ta yi launin shayi mai kauri, a turara ta har ta yi sheƙi, sannan a busar.

c) Farin yanka. Aikin kusan ɗaya ne da na baƙin, sai dai ana feƙe bawon, yankan ya fi siranta, kuma ba a rinawa.

Yaya ake sanin aiki ya yi? A da, gwanin sana'a yakan ɗan taɓa yankan da harshensa. In harshen ya mutu, ko ya riƙa jin tsikari, to dafi na nan, sai a ci gaba da aiki. Wannan gwaji ne na wanda ya shekara da shekaru cikin sana'a, kuma ko shi yana cikin hatsari. Yanzu ana auna yawan dafin da na'ura a ɗakin bincike.

Duk da haka aiki bai ƙare ba. In mai magani ya rubuta fuzi, yakan umurci a fara sa shi a wuta shi kaɗai, ya tafasa awa ɗaya ko biyu, kafin a zuba sauran magungunan. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Nan kuwa mai gaggawa ransa yake sa wa cikin hatsari.

5. Abin da kimiyya ta gano

A shekara ta 1833 wasu masana biyu na ƙasar Jamus, Geiger da Hesse, suka ware sinadarin dafin daga jikin tsiron. Sunansa akonitin. Ƙarfinsa abin tsoro ne: miligaram biyu na iya kashe babban mutum. Ku tuna, garam ɗaya miligaram 1000 ne. Miligaram biyu bai kai nauyin ƙwayar hatsi guda ba.

Ga yadda yake ɓarna. A jikinmu akwai jijiyoyi masu kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. A jikin jijiyoyin nan, da na naman zuciya, akwai ƴan ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Suna buɗewa, wani sinadari mai suna sodiyum ya shiga, su rufe nan da nan. Wannan buɗewa da rufewa ita ke tafiyar da saƙo, ita ke sa zuciya ta buga bisa tsari, kamar gangar da ke hannun gwanin makaɗi. Akonitin na hana ƙofofin rufewa. Sai saƙo ya rikice.

Wanda ya ci dafin, cikin mintoci kaɗan zuwa awa biyu zai ji bakinsa da harshensa sun mutu. Abin ya bazu zuwa fuska da hannuwa da ƙafafu. Sai amai, da gumi, da jiri, da kasala. Daga ƙarshe bugun zuciya ya ɓaci. Har yanzu babu wani makari na musamman da ke karya wannan dafi. Likitoci na ƙoƙarin tallafa wa zuciya da numfashi ne, har jiki ya fitar da shi.

To, me dafuwa ke yi masa? Ku ɗauki akonitin kamar maciji mai haƙori biyu. In ya daɗe cikin ruwa mai tafasa, ko cikin tururi, sai haƙori na farko ya karye, ya koma wani sinadari da ƙarfin dafinsa ya ragu sau ɗaruruwa. In wuta ta ci gaba, na biyun ma ya karye, dafin ya ragu sau dubbai. Jiƙo da wanki su kuma suna kwashe wani kashi nasa su tafi da shi. Shanya a rana kaɗai ba ta isa ba. Giya kuwa ba ta karya shi, janyo shi take yi daga cikin saiwar.

Masu maganin da ba su da na'ura, ba su san sunan akonitin ba. Da lura, da gwaji, da hasarar rayuka suka gano cewa ruwa da wuta da haƙuri ke rage masa kaifi. Masana na zamani sun kuma sami wasu sinadarai cikin saiwar masu rage zogi. A shekara ta 1976 masu bincike a ƙasar Japan suka ware wani mai suna higenamin, wanda ke ƙara wa bugun zuciya ƙarfi.

6. Hatsari bai ƙare ba

Tsakanin abin da zai yi amfani da abin da zai kashe, tazarar kaɗan ce. Shi ya sa a shekara ta 1988 gwamnatin ƙasar Sin ta kafa doka bisa magunguna masu dafi, kuma ɗanyar saiwar akonit na cikinsu. Ba kowa ke da izinin sayar da ita ba.

Amma har yanzu ana samun masu gangancin. A lardin Yunnan wasu mutane na dafa saiwar da nama lokacin sanyi, wai don su ƙara ƙarfin jiki. In dafuwar ba ta kai ba, gida guda na iya kwanciya. A watan Mayu na shekara ta 2018, a yankin birnin Chongqing, an yi wata walima aka sha giyar da aka jiƙa saiwar wani irin akonit a ciki. Mutum 15 suka kamu, 5 suka mutu.

7. Abin da ya shafe mu

Ko da yake babu akonit a dajinmu, muna da tsirrai masu irin halinsa. Maharbanmu na da sun san kwankwani, wanda ake dafin kibiya da ƙwayarsa. Daga dangin wannan tsiro likitocin Turai suka fitar da maganin zuciya a ƙarshen ƙarni na 19. Rogo mai ɗaci na da dafi, amma in an feƙe shi, an jiƙa, an matse, an soya, sai ya zama gari. Zaƙami kuwa, mai farin fure, kowa ya san yadda yake juya hankalin wanda ya ci ƴaƴansa.

Saboda haka, yara, kada ku ɗauka duk abin da ya fito daga ƙasa lafiyayye ne. Kada ku tauna ganye, ko saiwa, ko ɗan itacen da ba ku sani ba. Kada ku sha maganin da aka saya a bakin hanya don kawai an ce daga ƙasar waje ya zo. In ƙaninku ya ci wani tsiro ya fara amai, ko ya ce bakinsa ya mutu, ku gaya wa manya nan take a kai shi gidan likita. A tafi da sauran tsiron don likita ya gani. Rigakafi ya fi magani.

Ma'anar kalmomi

Dafi: abin da ke cutar da jiki ko ya kashe in ya shiga cikinsa.
Makari: maganin da ke karya ƙarfin dafi.
Almara: labarin da aka gada daga kakanni, wanda ba a tabbatar da aukuwarsa ba.
Daula: gidan sarauta da ya daɗe yana mulkin ƙasa.
Ƙarni: shekara 100.
Sinadari: ɗaya daga cikin abubuwan da suka haɗu suka yi wani abu.
Turarawa: dafa abu da tururi, kamar yadda ake dafa dambu.

Tambayoyi

1. A wane irin wuri akonit ke fitowa? Me ya hana shi fitowa a ƙasarmu?
2. Mene ne bambancin wutou da fuzi?
3. A wane aji littafin Shennong ya sa fuzi? Me wannan ke nuna mana?
4. Ku ba da labarin sarauniya Xu Pingjun da bakinku.
5. Don me ake jiƙa ɗanyen fuzi cikin danba?
6. Me tafasa ke yi wa akonitin? Me ya sa jiƙa saiwar cikin giya ke da hatsari?
7. Ku faɗi alamu uku da ake gani ga wanda ya ci wannan dafi.

Aiki

1. Lissafi: Li Shizhen ya gama littafinsa a 1578, aka buga shi a 1596. Shekara nawa ke tsakani? Shekara nawa ke nan daga bugunsa zuwa bana?
2. Lissafi: faɗin wata saiwa santimita 4 ne. In kaurin kowane yanka rabin santimita ne, yanka nawa za a samu?
3. Ku nemo ƙasar Sin bisa taswira. A wace nahiya take?
4. Ku tambayi iyayenku sunayen tsirrai uku masu dafi a karkararku. Ku rubuta sunan kowane, da inda yake fitowa, da cutar da yake yi wa mutum ko dabba. Ku duba da ido kawai, kada ku tsinko.

Abin tunawa

Akonit tsiro ne mai shuɗin fure da dafi mai tsanani. Sinawa na gyara saiwarsa da jiƙo, da wanki, da dafuwa mai tsawo, kafin ta zama magani. Ko bayan an gyara ta, sai masani ke auna ta. Tsiro guda na iya warkarwa, yana kuma iya kashewa: ilimi da awo ke raba tsakani.